Butar da Baffa Ya Ƙi Narkawa

Duk Fagge an san Baffa maƙerin azurfa da rowar yabo. Ka kawo masa aikin wani, sai ya juya shi sau ɗaya ya taɓe baki. Mu maƙwabtansa har cewa muke ko watan sama ya gani sai ya ce an bar shi a karkace.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wani kuku daga Sabon Gari, Gidiyon, ya kawo masa tsohuwar butar shayi ta azurfa. Baturen da yake wa aiki ne ya bar masa ita da zai koma gida. Gidiyon so yake a narka ta a yi wa 'yarsa Dina mundaye, ga biki saura kwana shida.

Baffa ya sa yaro ya ja zugazugi, ya ɗauki butar da niyyar taɓe baki. Bakin bai taɓu ba. Ya nemi mahaɗi a cikinta ya rasa, ashe falle ɗaya aka yi ta bugu har ya zama buta. Ya zura yatsa ciki, ya ji sawun guduma a jere kamar ɓawon kifi. A gindinta ga hatimin zaki da haruffa biyu. Gidiyon ya ce Baturen ya faɗa masa sunan maƙerin ne, wani mutumin Landan da ya rasu fiye da shekara ɗari.

Baffa ya ci gaba da juya butar a hannunsa. Gawayi ya cinye a banza, bai ma lura ba.

Kwana uku butar tana gabansa. Rana ta huɗu ya shiga gida ya fito da mundayen marigayiya mahaifiyarsa, manya masu nauyi, waɗanda mahaifinsa ya ƙera da hannunsa. Ya nemi yardar Gidiyon a yi musanya, sannan ya jefa su a wuta. Dina ta yi biki da mundaye sababbi ƙal.

Matarsa Hajo ta yi kuka, ta ce ya narka aikin ubansa saboda baƙon maƙerin da bai taɓa gani ba. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Hajo, irin na Baba zan iya sake ƙerawa, shi ya koya mini," in ji shi. "Wannan kuwa, in na narka, babu mai koya mini."