Likitan Ruwa na Karantina

Da sassafe, lokacin da masu ruwa ke shigowa unguwarmu Karantina, a kudancin Jidda, da jakunansu suna jan ganguna, za ka ga wani dogon mutum da 'yar jaka a hannu yana bin bayansu. Shi ne Daktur Abdulghani. Ba ɗakin shan magani yake fara nufa ba, gida-gida yake bi, gidajen da ya san akwai yaro mai ciwon nan na jini da ke sa ido rawaya, ƙashi ya riƙa sara. In ya yi sallama, kafin a gama gaisawa ya ɗaga murfin randa ya leƙa.

"Hajiya Mastura, haka na bar randar nan jiya. Husaini bai sha ba."

"Wallahi ya sha, ya Daktur."

"To randar taki haihuwa take yi? Yalla, maza miƙo moɗa, a gabana zai sha."

Daga nan ya samo sunan Likitan Ruwa. Da farko ba'a ce, wai mutum ya yi shekaru a Amurka ya dawo ba abin da ya iya sai "ku sha ruwa". Yau masu ba'ar ke kiransa da sunan suna dafe ƙirji. Ni kuwa na ce tunda jaridun Jidda ba su san hanyar unguwarmu ba sai ranar gobara, bari mu jinjina wa namu da kanmu tun yana jin mu.

Wanda bai san yadda aka yi ya zama haka ba, ya koma farkon shekarun sittin. Abdulghani saurayi ne a lokacin, haifaffen nan, jikan alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Ya gama sakandare da sakamakon da ya girgiza unguwa, yana tafinta a tashar jiragen ruwa kafin a fitar da sunayen waɗanda gwamnati za ta tura karatu waje. A gida kuwa akwai yayarsa Luba, wadda tun tana rarrafe ciwo ke kayar da ita. Duk ranar da ƙashi ya tashi, mahaifiyarsu Inna Dela takan aika a kira Malam Ubale mai lalas, ya zo da kaskon garwashi, ya gasa ƙarfe ya ɗora inda ke ciwo. Haka kowa ke yi, ba don mugunta ba, don ba mu san wani abin ba. Bayan Luba da damatsanta babu inda za ka sa yatsa ba ka taɓa tabo ba.

Wata rana wani jirgin kaya ya tsaya da likitansa, baƙar fata ɗan Amurka. Abdulghani ya yi ta roƙonsa har ya biyo shi gida. Mutumin ya duba idon Luba, ya ga tabban da ke hannunta. Sannan ya ce wannan ba aljanu ba ne, ba sanyi ba ne, a jini yake, kuma gadonsa ake yi. Ya ce a asibitin makarantar da ya yi, makarantar baƙaƙen fata ce a kudancin ƙasarsu, ba a rasa masu irin ciwon nan a kan gado, kuma wasu malaman da ke koyar da shi a gidajensu ma suna jinyarsa.

Maganar ta zauna wa Abdulghani. Da lokaci ya yi, wurare biyu suka karɓe shi. Ɗaya jami'a ce mai suna, irin wadda in an ambace ta a majalisar manya ake gyara zama. Ɗayar kuwa waccan ƙaramar makarantar ce da ya nema da kansa. Jami'in da ke kula da ɗaliban waje ya ɗauka ma kuskure aka yi.

"Ya ibni, ɗana, ka san 'ya'yan wa ke neman wannan gurbin ba su samu ba? Ka shiga can, ka dawo kowace ƙofa a buɗe take. Wannan ɗayar wa ya san ta?"

"Masu ciwon da nake so in koya sun san ta," in ji Abdulghani.

Wancan faɗan mai sauƙi ne. Na gida shi ne mai zafi. Sai wanda ya tashi a cikinmu zai gane abin da ya ƙona zuciyar Inna Dela. Mu mutane ne da muka ƙare rayuwarmu muna gyara wa 'yan gari magana, in an kira mu Takruni, sunan da suke ba mu baƙaƙen fata, da wata irin murya mu tsaya mu ce a'a, kakanninmu hajji suka zo, ba wanda ya sayo su. Ga ɗa ya samu damar da za ta rufe bakin kowa, sai ya ce a'a.

"Abdulghani, ka rasa inda za ka kai kanka sai makarantar da aka gina wa 'ya'yan bayi? Ka fita daga Karantina don ka je ka nemo wata Karantinar a bayan teku? Me zan ce wa mutane?"

Ya durƙusa a gabanta, don bai taɓa yi mata magana a tsaye ba. "Inna, jinin da ke jikin Luba bai san wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka kai a ɗaure ba. Su ma shi ke kashe musu 'ya'ya. A babbar jami'ar zan karanta ciwon a littafi. A can zan kwana da shi in tashi da shi."

Ba na zagin waccan jami'a, ta fitar da likitoci na ƙwarai. Amma ina so a rubuta cewa a unguwar nan an taɓa yin yaron da aka miƙa wa suna ya ce aiki yake so. Ya tafi ba wanda ya yi masa walima.

Sai Allah ya yi ikonsa. Yana tsakiyar karatu Luba, da ta yi aure bayan tafiyarsa, ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya aka sa mata Zakiya. Kai, bakin mutane! Har a zaman makoki ana cewa ga wadda aka yi asarar jami'a dominta ta tafi, an yi biyu babu. Da ya dawo, abokan tafiyarsa masu manyan takardu suka haye ofisoshin arewacin gari masu sanyi. Shi ya roƙi a ba shi ƙaramin ɗakin shan magani na kudu da kowa ke gudu, aka ba shi da sauri kafin ya sake shawara. Abu na farko da ya yi shi ne ya ɗiga jinin Zakiya a gilashi ya duba. Abin da ya kashe uwar yana jikin 'yar.

Ranar da unguwa ba ta manta ba wata azahar ce ta bazara. Ciwo ya tashi wa Zakiya, tana 'yar shekara shida ko bakwai, ihunta har bakin titi. Abdulghani yana wurin aiki, Inna Dela ta aika aka kira Malam Ubale. Maƙwabta suka garzaya suka gaya masa. Ya shigo ya tarar an danne yarinya a tabarma, ƙarfe ya yi ja a garwashi. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya gaida Malam Ubale yadda ake gaida dattijo, ya naɗe hannu da rawaninsa, ya zare ƙarfen ya tsoma shi cikin randar gidan. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar cuuu ɗin ta sa har yarinyar ta yi shiru.

"Da wannan ƙarfen na raini uwarta!" in ji Inna Dela.

"Na sani, Inna. Na ga bayanta. Wannan kam halas, magana ta ƙare, ba za a ƙona ta ba."

"To ka ji. In ta mutu a hannunka, ban yafe maka ba."

Duk wanda ya san nauyin wannan kalma a bakin uwa ya san abin da mutumin nan ya ɗauka tare da yarinyar da ya saɓa a kafaɗa. Ya sa mata ruwa ta jijiya, ya ba ta maganin zafi da na zazzaɓi, ya lulluɓe ta, ya zauna. Kwanaki ana jan rai. Sai ga Zakiya ta buɗe ido ta ce, "Kawu, yunwa nake ji."

Daktur Abdulghani, kai ne ka tsaya tsakanin yaranmu da wuta. Ba ka taɓa yi mana ƙaryar cewa ciwon na warkewa ba. Ka ce ana zama da shi, da ruwa da kula da gaggawar kawo yaro in jiki ya yi zafi. Wasu sun tafi duk da haka, kuma mun gan ka a bayan makararsu kana share ido da gefen rawani. Ba ka tozarta Malam Ubale ba, shi ya sa yau in an kai masa yaro mai rawayan ido yake cewa a wuce da shi wurinka. Sau biyu manyan asibitoci suna nemanka, ka ce wa zai duba randunan.

Bana Zakiya ta gama sakandaren 'yan mata. Matata ta je walimar, ita ta ba ni labari. Inna Dela, da yanzu idonta ya yi rauni, ta ce a matso mata da jikarta. A gaban mata ta zura hannu ta shafa bayan yarinyar tun daga wuya har ƙugu, ta shafa damatsa, a hankali, kamar mai neman wani abu. Ba ta samu tabo ko ɗaya ba. Ta fashe da kuka ta ce, "Ku gaya wa Abdulghani na janye maganata." Da ta share hawaye sai ta juya ta ce, "Yarinyar nan ta sha ruwa kuwa tun safe?"

Mun gode, ɗan Dela, Allah ya saka maka. Ku kuma samarinmu da ake ta turawa karatu yanzu, ban ce kowa ya ƙi babbar jami'a ba. Amma ranar da za ku zaɓa, kada ku bari tsoron abin da za a kira ku ya zaɓa muku. Ku tuna wa kuka bari a kwance a gida. Mu kuma gobe da safe mu cika randuna, don yana nan tafe, kuma sai ya ɗaga murfin.