Ni da Taubashina da Man Inji

Injin ban ruwan mu biyu muka haɗa hannu muka saya, ni da ɗan kawuna. Gonakinmu na rani suna jere a fadama ɗaya, idan ka bar Rawayau ka nufi wajen Dutsin-Ma. Nawa fangali talatin ne na albasa. Nasa casa'in, tumatir da attaruhu. Duk ranar ban ruwa kowa zai zo da lita goma ta fetur a jarka, a juye wa inji, ya sha har ya gama da mu duka. Rabi da rabi. Haka muka fara, haka muka yi ta yi rani bayan rani.

Tun a shekarar farko jikina ya ba ni cewa akwai cuta a ciki. Inji yakan gama da nawa kafin rana ta yi zafi, sannan ya wuni yana kuka a nasa. Amma abin da jiki ya sani daban, abin da baki zai iya faɗa a gaban mutane daban. Kuma shi taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da ya faɗa mini wasa ne, wanda ya yi fushi kuwa shi ya faɗi.

Na taɓa gwada masa maganar, muna naɗe tiyo.

"Taubashi, man nan fa kamar ni ke shayar da tumatirinka."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ji bawana! Yaushe bawa ya fara ƙirga wa ubangidansa? To lissafa mini in ji. Nawa na ci maka?"

Ban iya ba. Na tsaya da tiyo a hannu, masu gonakin gefe suna dariya, ni ma na taya su don kada a ce ban san wasa ba. Daga baya na kai ƙara wurin Kawu. Tsohon ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Inji na ku biyu ne, mai ma na ku biyu ne. Kowa ya kawo rabi. Kada in ƙara jin wannan magana tsakanin 'yan uwa."

Na ce to. Na haɗiye. Amma ban narkar ba.

Ina da shekara arba'in da wani abu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kurfi. Ba don taubashina na shiga ba, don in riƙa karanta saƙon waya da kaina ne. Malaminmu tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin murya, ba ya gajiya da maimaitawa. Da muka kai ga rabawa sai ya kawo wani darasi da ya ce shi ne uwar lissafin kasuwa da gona. Ya ce duk inda ka ga abubuwa biyu sun rikice maka, ka tambayi na ɗaya. Babur ya sha lita uku ya yi tafiya kaza, to lita ɗaya ina ta kai shi? Tiya huɗu ta ciyar da gida kwana kaza, to tiya ɗaya fa? Ya ce kowa ya kawo misali daga gidansu.

Na ɗaga hannu. Na ce wasu mutum biyu ne na sani, na ba da labarin fangali da lita kamar ba nawa ba. Malam ya rubuta a allo. Lita ashirin, fangali ɗari da ashirin. Ya sa muka raba tare. Lita ɗaya tana shayar da fangali shida.

"To mai talatin, lita nawa gonarsa ke sha?"

Na yi a takardata a hankali. Biyar.

Wani mai gyaran babur da ke zaune bayana ya ce, "Yana shan biyar yana kawo goma? Malam, wannan wane jaki ne? A nuna mana shi mu ma mu ɗora masa kaya."

Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce a bar zagin wanda ba ya nan. Ni kuwa ina nan.

A hanyar gida na yi niyyar in wuce kai tsaye in zube wa taubashina lissafin a ƙofar gidansa. Kafin in isa na fasa. Na san shi. Zai ce bawansa ya je boko da furfura ya dawo da hauka, a yi dariya, a tashi. Ba dariya nake nema ba. So nake bakinsa ya faɗi abin da nawa ya kasa faɗa, kuma a gaban Kawu.

Na ƙarasa wannan ranin ina kawo lita gomata ban ce uffan ba.

Akwai wani dattijo mai gona a gefen tawa, gwiwa ta hana shi aiki, 'ya'yansa duk sun tafi birni. Da damina ta wuce na je na roƙe shi aron gonar, in riƙa ba shi kaso daga abin da aka samu. Ya yarda. Na yanka fangali ɗari da ashirin a ciki. Kafin in sa fartanya sai da na zauna na buga lissafina sau uku. Nawa ya zama ɗari da hamsin, na taubashina casa'in, duka ɗari biyu da arba'in. Lita arba'in ke nan. Rabi da rabi, kowa ashirin. Gonarsa kuwa sha biyar take sha.

Aikin ya fi ƙarfina, ba zan ɓoye ba. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya tsage. Uwargida ta ce, "Malam, wannan noma ne ko gaba?" Na ce mata duka biyun.

Ranar ban ruwan farko taubashina ya zo da jarkarsa ta lita goma, ni ma na zo da tawa goman. Inji ya mutu bai ko shiga nasa ba, don daga nawa ake farawa.

"Mi ya faru?"

"Mai ya ƙare, ubangidana. Gona ta ƙaru. Yanzu ashirin-ashirin ne."

Ya kalli sabbin fangalin, ya kalle ni. Mako uku ya jure, tumatir ba ya jiran fushi. A na huɗu aka aiko cewa Kawu yana kirana.

Na same su a zaure. Taubashina yana magana da hannu biyu, babu wasa ko kaɗan a fuskarsa.

"Baba, wannan zalunci ne. Ya za a yi mai casa'in ya kawo daidai da mai ɗari da hamsin? A raba man nan bisa fangali, kowa ya ɗauki na gonarsa. Lita biyar yake ci mini duk ban ruwa!"

Ashe ya iya lissafin. Ashe tun can ya iya.

Na ce, "Kawu, gaskiya ya faɗa, biyar ce cif. Ina da tambaya ɗaya, shi da ya fi ni kai. Lokacin da nake da talatin yana da casa'in, lita nawa yake ci mini?"

Kawu ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Amsa mashi mana."

Taubashina ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Biyar."

Kawu ya ce, "To ashe ka sani ka bar ni na yi hukunci a makance. Rani nawa ya ɗauke ka, ka ɗauke shi rani nawa. In kun yi daidai ku zo a raba bisa fangali."

A ƙofar zaure taubashina ya riƙo hannun rigata, ya ce a cikin raɗa ko zan yafe masa ko da rani ɗaya, mai ya yi tsada. Na ce masa zan yi tunani. Na yi tunanin kuwa, har na je na sabunta aron gonar dattijon. Bana muna rani na biyu, saura da yawa, kuma bayana ya fara sabawa.