Kujerar da na tashi na ba Baba

Ko na tsufa na manta lambar gidana, ba na jin zan manta wata Asabar da rana a Manassas, shekarata ta shida ina aikin jinya a Amurka.

Mu biyar muka nemi hutun Kirsimeti a sashenmu. Shugabarmu ta ce mutum ɗaya za ta saki, mu je mu sasanta. Ni kuwa tun zuwana ban taka Jos ba, ga mahaifiyata ta fara cewa ta manta kamannina. Sai wata abokiyar aikinmu Ba'amurkiya ta ce mu hallara gidanta mu buga kartar da suke kira foka, ba da kuɗi ba, da 'yan ƙwayoyin roba. Wanda ya kwashe na kowa, hutu nasa ne.

Sati biyu na yi ina karatun wasan kamar mai jarrabawa. Abu ɗaya ya zauna mini: magana, wato damar zuba ƙwayoyi, tana zagayawa ne ta hagu, kuma wanda ya yi magana daga baya ya riga ya ga abin da na gabansa suka yi. Matar gidan ba ta da tsoro wajen zuba ƙwayoyi, don haka na riga kowa zuwa, na kame kujerar da ke hagunta, ina jin kaina gwani.

Ana shirin raba kati sai ga na biyar ɗinmu, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da muke kira Baba. Kujeru sun ƙare, saura akwatin ƙanƙarar lemo a daman matar gidan. Baba ya tsaya yana kallonsa, ya dafa ƙugu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haba Baba, ga kujera."

"A'a ɗana, yi zamanka, zan lallaɓa."

"Ina zaune kana kan akwati? Allah ya kiyaye."

Ya sa mini albarka har sau biyu, ya zauna, na koma kan akwatin. Amurkawan suka yi ta yaba tarbiyyarmu, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Daga nan na ga ta kaina. Kusan kowane zagaye ni ke fara magana cikin duhu. In na zuba kaɗan, matar gidan ta ninka. Baba ya dube ni, ya dube ta, sannan ya yanke shawararsa a natse yana ɓare gyaɗa. Kafin la'asar gabana ya zama wayam, shi kuwa har yana neman kwanon da zai tara nasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan kama da laifi.

Baba a gidansa na Hyattsville, nan cikin Amurka, ya ci hutunsa, yana barci. Da ya dawo aiki na ce, "Baba, ashe kana da sa'a haka?"

Ya yi dariya. "Wace sa'a? Na fi minti ashirin cikin mota ina jira ku zazzauna. Na san inda ka zauna, na kuma san gidan da ka fito."

Sai bayan wata bakwai na ga mahaifiyata. Da na ba ta labari, cewa ta yi da ban tashi ba, da ba ta yafe mini ba.

Abin da na koya shi ne, ladabi abu ne mai kyau, amma akwai dattawan da suka san farashinsa fiye da mai yin sa. Har yau ina tashi wa manya, sai dai ranar karta da kujera nake zuwa a bayan mota.