Maɓallin da Manoman Khaddamari Suka Ƙi Taɓawa

Mun tashi daga Kano da asuba, mu uku, kowa rungume da kwamfutarsa kamar jariri. Kuɗin mota ya kusan sa na koma gida, amma direba ya ce in na ga ya yi tsada in je in tambayi gidan mai.

Abin da ya tashe mu wata manhaja ce ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Manomi zai ɗauki hoton ganyen da ya kamu da cuta ya aika wa malamin gona. Mu muka gina, 'yan'uwanmu masu wannan sana'a a Maiduguri suka kai ta ƙauyuka. To, shiru kake ji, ko hoto ɗaya bai iso ba, har malamin gonar ya ce in aka shiga damina a haka zai watsar da ita. Mun yi ta laluben matsalar daga nesa, su kuma suka ce mu zo, gani ya kori ji.

Hanya ba laifi har Potiskum, inda muka ci tsire mai yaji har da hawaye. Daga Damaturu kuwa shingen sojoji bayan shinge, hira ta mutu a motar, kowa na kallon daji. Sai da muka shiga Maiduguri hira ta dawo.

A unguwar Bolori 'yan'uwan namu suka sauke mu, a wani shago mai hasken sola. Shugabarsu malamar makaranta ce 'yar Kudancin Borno, ba ta da wasa. Ta ciyar da mu burabusko da miyar bandar kifi, wani abokin tafiyata ya yi ƙari har ya manta da kunya. Na buɗe kwamfuta, ta ce in rufe, gobe gona za mu.

Washegari muka nufi Khaddamari, ta tsakiyar fadamun shinkafa. Malamar ta miƙa wa wani dattijo waya, ta hana mu cewa uffan. Ya ɗauki hoto tsaf, wani saurayi ya karanta masa rubutun koren maɓallin, sai ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Baba, me ya faru?" in ji ni.

"Ɗana, wannan ya ce in miƙa wuya. Mutanen daji ne ke miƙa wuya. Ni manomi ne, me na yi?"

Ashe wani mai taimako daga nesa ne ya fassara kalmar aikawa ta Turanci, "Submit", da "Miƙa wuya", da ƙamus da kyakkyawar niyya. Mu a Kano da Turanci muke buɗe manhajar, ba mu taɓa gani ba. Su 'yan Maiduguri sun ga kalmar ta yi nauyi, amma ba su zaci ita ce ta tsayar da komai ba. A ƙasar da ta sha wuyar masu tayar da ƙayar baya, ba ƙaramar magana ba ce, kuma na ji kunya ƙwarai.

Muka ce ba ma tashi sai an gyara. A gindin dalbejiya aka yi ta musu, mu muna cewa "Aika", malamar na cewa "Tura", don ita kowa ya sani a waya. Dattijon ya goyi bayanta, muka sha kaye. 'Yan Maiduguri kuma suka ɗauki nauyin sa murya da Kanuri saboda waɗanda ba sa karatu. Kafin la'asar muka mayar masa da wayar. Ya sa aka karanta masa sau biyu, ya yi bisimilla, ya danna.

Mun dawo Kano lafiya, da turaren wuta na tsaraba da gajiya. Na koyi cewa manhaja ba ta ƙaruwa a kan tebur, sai a hannun mai amfani da ita, shi ya sa ina isa na mayar da wayata Hausa. Malamin gona ya fasa watsar da manhajar, ya ma turo mana hoton farko da ya shigo masa. Rabinsa ganyen shinkafa ne, rabi babban yatsan Baba.