Lambobi uku da amsar da na ba Gwaggo

Shekarun baya, shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suna riƙe da ƙasa, na samu aiki a biro, wato ofis, na wata ƙungiya mai raba hatsi nan Matameye. Aikina in buga sunan mace a kwamfuta, tike ya fito, ta kai sito a auna mata gero. Muna da yawa masu bugawa, amma duk na'urorinmu sun dogara da wata babba guda da ke kusurwa. In ta yi nauyi, kowa ya tsaya.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. In abu ya ƙi tafiya, tebur nake duka. Mutumin da ke zuwa daga Damagaram yana duba na'urorin, muna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya gaji da ni, ya nuna mini lambobi uku a allon babbar.

Ya ce, "Kin san layin bido, jarkokin ɗiban ruwa, a famfo?"

Na ce, "Mushe, a cikinsa na girma."

"To, layi ne wannan: ayyukan da na'urar ke yi da waɗanda ke jira. Lambar farko matsakaicin tsawon layin ne a minti ɗayan da ya wuce, ta biyu minti biyar, ta uku sha biyar. Famfon nan baki biyu gare shi. In kin ga biyu, ya cika amma ba mai jira. In kin ga takwas, shida na zaune a rana. In ta farko ta fi ta ƙarshe, layin ƙaruwa yake. In ta gaza, raguwa yake."

"In na daki tebur fa?"

"Hannunki ya yi ciwo."

Daga nan na zama 'yar duba. Kowa ni yake tambaya, ni kuma ina ta hura hanci.

Wata safiya sai ga ƙanwar mahaifina daga Dawce, da goyo a baya da yarinya a hannu. Mijinta ya tafi cin rani Kano, ba labari. Ranar kuwa na'urar ta ƙi. Faifan ajiyarta ne ya fara mutuwa: ba aiki take ba, jiransa take, layin kuma yana ta tsawo. Na roƙi shugabanmu in rubuta mata tike da hannu. Ya ce sojan da ke ƙofar sito bugagge kawai yake karɓa.

Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "'Yata, matan garinmu sun samu kamyo, babbar motar kaya, bayan azahar zai tashi zuwa Najeriya. Sun riƙe mini wuri. Abin naku zai yi yau, ko in bi su?"

"Ki kwana gidanmu mana, Gwaggo."

"Gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya? Ba zan ƙara wa yayana baki uku ba. Faɗa mini kawai."

Na duba. Talatin, ashirin da huɗu, sha tara. A famfo mai baki biyu.

Na ce, "Ba zai yi yau ba. Gobe ma ban sani ba."

Ta gyara goyonta ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka. Ki gaida mutan gida."

Da Mushe ya kawo sabon faifai, tikenta na cikin na farkon da suka fito. Ba mai karɓa. Bayan 'yan makonni lambobin suka sauko ƙasa da ɗaya. Mushe ya ce na'ura ta huta. Ni na san dalili: ƙauyuka sun watse, ba a zuwa.

Har yau aikin na'ura nake, kuma ina koya wa sababbi lambobin nan yadda aka koya mini, da bido da famfo. Lambobin ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Sai dai tsawon layi suke faɗa, ba sa faɗin wa ke ciki, ko wa ya gaji ya ɗauki kayansa. Gwaggo ta dawo bayan kaka, yarinyar na riƙe da zaninta, bayanta ba goyo. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba, ni ma ban tambaye ta inda aka binne shi ba.