Kaurin Zobe

Innarmu ba ta yarda a ɗauke ta hoto da waya. Ko a wajen suna aka ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta juya baya. Cewa take ita ba za ta yi yawo cikin aljihun mazan Gure ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukar ta hoto, shi ne Baba, da tsohuwar kyamararsa ta fim wadda yake kaiwa kasuwar Gidigir da Bune. Hotunan nan kuwa gara ta cinye su a shekarar da ɗakin da suke ciki ya zuba. Da muka ga jikinta ya fara ja baya, autarmu ta matsa mata da roƙo, har ta ce, "To, in da akwatin ubanku ne, na yarda."

Sai dai akwatin ba shi da ido. Gilashin gaban ya tsage tun Baba yana da rai, ranar da jaki ya kayar da shi da kaya. Ni ne babba, ni na ce zan gyara, kuma kowa a gidanmu ya san in na kafe ko raƙumi ya fi ni saurin tashi.

Na samo wani idon a kasuwar Damagaram, wajen mai tarkacen rediyo da agoguna. Tas yake, ba ko ƙwarzane. Na dawo gida ina ta fankama, na zo ɗaurawa, bakinsa ya ƙi shiga. Ashe ba kamfaninsu ɗaya ba. Sai da zoben da zai haɗa su. Haba! Zoben nan na neme shi kamar ruwa a jallo. Na koma Damagaram, na aiki direba Kano, ya dawo mini da murfin tankin babur, wai ai shi ma zagaye ne. Wani ɗan ƴar'uwata ya nuna mini zoben a cikin wayarsa, ga shi nan ina gani, amma yana wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba. Damina ta wuce, aka girbe hatsi, Inna tana ƙara ramewa.

Daga ƙarshe na kai wa maƙerin da ke yi wa matanmu awarwaro. Ya auna da zare, ya yanko tagulla daga famfon wani tsohon risho, ya yi ta gogawa. Aiki ya yi kyau, Allah shaida. Ido ya zauna daram. Da zai miƙo mini ya ce, "Malam, na ƙara masa kauri kaɗan, don ya yi ƙarko." Na ce madalla, Allah ya yi albarka. A wajenmu ai abu mai kauri shi ne na kirki, ko tukunya ce ko igiyar guga.

Ranar ɗaukar hoton, Inna ta yi kitso, ta sa zanenta baƙi na saƙi, ta zauna a tabarma bakin rumfa. Auta ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, kawo in ɗauka." Na ce mata ta kauce, me ta sani game da kayan Baba?

To ga inda gizo yake saƙar. Ni ɗan fari ne. Tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ni ma ba na zama kusa da ita. "Wancan" take ce mini, ko da ina tsaye. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Saboda haka na ja baya har gindin turmi, can tsallaken tsakar gida. Ta ɗan tagar da ake leƙawa na gan ta sarai, domin tagar nan ba ta bi ta cikin ido, daban take. Na yi ta dannawa har fim ya ƙare. Ta tashi ta ce wa auta, "Ce masa ya isa."

Wani tsohon mai hoto a Damagaram ne kaɗai ya rage yana wanke fim, shi ma sai an kawo masa ruwan wankin daga Kano. Muna cikin wannan jira Inna ta cika, ranar wata Laraba da hantsi.

Bayan sadakar arba'in na je karɓa. Tsohon ya shimfiɗa mini hotunan. Ga taɓarya jingine da turmi, har tsagar jikinta ana gani. Ga igiyar shanya. A baya kuwa wani baƙin dishi-dishi ne a kan tabarma, ba ido ba hanci. Duka haka suke.

Na miƙa masa akwatin, ya kwance zoben, ya juya shi a hannu. Ya ce kaurin nan ya tura idon gaba, don haka abin da ke kusa kaɗai yake kamawa. Na tambaye shi kusa kamar yaya. Ya ce, "Kamar inda za ka miƙa hannu ka taɓa mutum."

Wallahi a bakin shagon na zauna na yi kuka, da furfurata. Ban ga laifin maƙeri ba, alheri ya yi niyya. Abin da ya tsaya mini a wuya har yau shi ne wannan tazarar ta tsakar gida.

Da na kawo hotunan, auta ta daɗe tana dubawa. Ita ce ke kwana a ɗakin Inna, ita ke tsefe mata kai, ita ke yanke mata farce. Ba ta yi mini gori ba. Tambaya kawai ta yi, daga ina ya kamata a tsaya. Na faɗa mata.

Ta ce, "Yaya, ai nan nake zama kullum."