Kurciyoyi biyu a bayan kamiyo

Kiran sallar asuba a tashar Dogondutsi ya same mu, ni da ƙanwata. Idon Inna ne ya fitar da mu. Yanar ido tana rufe shi a hankali, kuma ta ce tana so ta ƙara ganin fuskar Baba kafin ganin ya tafi. Marigayin direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, kuma ya ƙi jinin hoto, guda ɗayan da muke da shi kuwa ambaliya ta tafi da shi. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ce mu nemi mai fentin da ya yi wa motar Baba ado a Yamai.

Gudron, wato kwalta, lafiya lau har Doso, inda muka karya da kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa. Ƙanwata tana hawaye tana rantsuwa wai ba yaji ba ne. Kusa da garin Kure muka hango raƙuman dawa uku suna cin ganye, ko kallo ba mu ishe su ba.

A Yamai mun fara da kasuwar Katako, muna tambayar mai fentin motoci. Wani kafinta ya ce ai mai allunan shagon aski muke nufi. Wata ƴar kasuwa ta ce a'a, mai fitar da zanen atamfa ne. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce hotunan littafin karatun yara nasa ne. Raina ya fara ɓaci, na ɗauka wasa suke da hankalin baƙi. Ashe duk mutum ɗaya ne, kuma gidansa na unguwar Yantala.

Na shiga da raini, ba zan ɓoye ba, ina tsammanin gwangwanayen fenti da tsumma. Sai na tsaya cik. Zane ne ya cika bango, masu wanki a bakin kogin Isa, har na ja ƙafa baya kamar ruwan zai jiƙa min takalmi. Maƙwabcin mai fentin ya ce ire-irensa na rataye a gidajen nuni na ƙasashen waje. Dab da zanen kuma allon wani mai gasa kaji ne ke shan iska, an yi shi da kulawa iri ɗaya.

Mai fentin, wani dattijo, ya saurare mu har ƙarshe, na faɗi sunan Baba.

“Suna ba zai taimake ni ba, ɗana. Me aka zana a bayan motar?”

Ya ce bai taɓa sa buroshi a motar mutum ba sai ya zaunar da shi ya zana fuskarsa, don ya san abin da zai dace da shi. Kaina ya ɗaure, na manta sarai. Ƙanwata ce ta ce kurciyoyi biyu a kan reshe.

Ya jawo akwatin ƙarfe cike da takardun zanen fuskoki ɗauri-ɗauri, bisa adon da ya yi wa motar kowa: na zakuna, na jiragen sama, na masallatai. Na tsuntsaye shi ne mafi ƙanƙanta. A takarda ta bakwai Baba ya kalle mu, da ɗaure fuskar nan tasa. Na zauna a ƙasa ina kallonsa.

“Na tuna shi,” in ji dattijon. “Zaki ya so, na hana. Tun da ya zauna zancen matarsa yake yi.”

Washegari da la'asar muka iso gida da takardar, dattijon ya ba mu ita. Tafiyar ta koya min in daina raina mai fentin gefen hanya, don wannan ya ga abin da mu ƴaƴan gidan ba mu gani ba. Inna ta kai takardar dab da idonta, ta daɗe.

“Shi ne. Ko a nan ma hular a karkace take.”

Na gaya mata abin da dattijon ya ce. Sai ta ce, “Shekara da shekaru ina kallon tsuntsayen nan a ƙofar gida. Bai taɓa faɗa min ba.”